Kiranka Na Yankewa A Waifai Na Unguwa? Layi Ne Ba A Tsara Ba



Maganar yau ta masu amfani da waifai na unguwa ce, irin wanda wani zai ɗora kwanon Starlink a kan rufi, ya jera rautoci a kan sanduna, ya riƙa sayar da lambar shiga ta kwana ɗaya ko ta mako. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023 wannan sana'ar take ta yaɗuwa, musamman a wuraren da sabis ɗin MTN da Airtel da Glo sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Idan kana cikin masu sayen lambar nan, na san ka san abin haushin da zan faɗa. Ka gwada gudu, waya ta nuna maka megabit 20 ko 30, TikTok na tafiya sumul, amma kana danna kiran WhatsApp sai "halo, halo, kana ji na?" Murya ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, can kuma a rubuta maka Reconnecting. Ka je wurin mai waifai ya ce maka ai mutane ne suka yi yawa, ka yi haƙuri zai ƙaro kwano na biyu.

Ni dai a ganina kwano na biyu ba zai gyara wannan ba. Kiran murya a WhatsApp yawanci ko megabait ɗaya ba ya cinyewa a minti guda. Bidiyon barkwanci ɗaya da ka wuce da yatsa ya fi shi cin data. To abin da ba ya cin komai, ta yaya ƙarancin data zai kashe shi? Abin da ke kashe shi jira ne. Muryarka tana tsaye a layi ɗaya da fim ɗin Indiya da wani ke saukewa, kuma babu wanda ya ce mata ta wuce gaba. Saboda haka duk wanda zai kafa waifai a ƙauye, aikinsa na farko shi ne ya tsara wa zai fara magana a iska, kuma ya ba kira fifiko ko da masu sauke fim za su yi gunaguni.

Ɗauki Abare, a ƙaramar hukumar Anka. Duniya ta san sunan garin nan ne a 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin zinare ta kama yara a Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji, da 'Yargalma a Bukkuyum, har yara aƙalla 400 suka rasu a faɗin yankin, ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wurin jinya a asibitin Anka. Yaron da ya fara jijjiga cikin dare ba ya jiran wani ya gama sauke fim. Daga baya kuma matsalar tsaro ta zo ta rufe komai. Kowa ya tuna ranar 3 ga Satumban 2021, da hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai da suka kusa wata uku a cikin duhu, mutum na biyan kuɗin mota ya ƙetara wata jiha don kira ɗaya tak. A irin wannan yankin, daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, kira na nufin "kada ku biyo hanyar nan yau", ko "a nemo mai mashin, haihuwa ta zo da gardama", ko "kuɗin sun shiga?" Shi ya sa nake cewa waifai ɗin da ke kawo TikTok amma ya kasa riƙe kiran minti biyu bai yi wa irin wannan garin aikin da ya fi buƙata ba.

Bari mu ga yadda abin yake a ciki, don sai ka gane shi za ka san abin da za ka nema.

Waifai rediyo ne. Duk na'urorin da ke kan tasha ɗaya, kuma suna jin juna, mutum ɗaya ne kawai ke iya magana a lokaci guda, kamar zaman fada. Biyu suka buɗe baki tare, maganar duka biyun ta lalace, sai an sake. Wannan matsalar tsohuwa ce. Tun 1971, a Jami'ar Hawai, Norman Abramson da abokan aikinsa suka haɗa tsibirai da rediyo a wani tsari da suka kira ALOHA, inda kowa ke magana duk sanda ya ga dama. Lissafi ya nuna a irin wannan tsarin, kashi 18 cikin ɗari na lokacin kaɗai ke amfanuwa, sauran karo ne da zaman shiru. Waifai ya ɗan fi wannan ladabi. Kafin wayarka ta aika komai sai ta saurara. Idan ta ji wani na magana ta yi shiru. Idan ya gama, ba ta faɗawa kai tsaye, sai ta ja ƙuri'a, ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 15, ta ƙirga ƙasa. Wanda lambarsa ta fara ƙarewa shi ke magana. Idan aka yi karo, sai a ninka faɗin ƙuri'ar, 31, 63, har zuwa 1023. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, kowace lamba kashi 9 cikin miliyan na daƙiƙa ce. Amma idan wayoyi hamsin ne ke jan ƙuri'ar, ƙiftawar idon nan taruwa take yi.

Ita kuma murya ba ta da haƙuri. Wayarka tana yanka maganarka ƙanana-ƙanana, tana aika ƙunshi ɗaya kusan kowane milisakan 20 zuwa 60. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta ce idan jinkirin murya daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, yawancin mutane ba sa lura. Ya haura 400 kuwa, hira ta zama ta 'yan oba-oba, kuna ta cin karo da juna. Ƙunshin da ya makara kuma zubar da shi ake yi, don kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da amfani. Wannan gutsi-gutsin da kake ji, ramukan ƙunsoshin da aka zubar ne. Shi bidiyo na TikTok ko YouTube yana da rumbu, yana tara na daƙiƙoƙi masu zuwa ya ajiye, ko an tsayar da shi ba za ka sani ba. Kira ba shi da rumbu.

Ka tuna layin fanfon tuƙa-tuƙa. Ga mai kura da jarkoki goma sha biyu, ga yarinya da kofi ɗaya za ta kai wa mara lafiya ya haɗiyi magani. A kowane gari na ƙasar Hausa, ba sai an yi shawara ba, ce mata ake yi "zo ki ɗiba ki wuce." Mai kura bai yi asarar komai ba, daƙiƙa biyar ce. Amma rautar da aka ciro daga kwali aka ɗora a sanda ba tare da an saita ta ba, ba ta san wannan tarbiyyar ba. Wanda ya fara zuwa shi take bai wa, ko da kura uku ya zo.

Wannan a rauta ɗaya ke nan. Yanzu ƙara wahalar raga a kai. Abin da ake rubutawa Mesh a jikin kwali, ni raga nake kiransa, wato rautoci da yawa da ba a haɗa su da kebul ba, kowace tana karɓa daga maƙwabciyarta ta miƙa wa ta gaba, har saƙo ya isa inda kwanon yake. Daɗinsa shi ne ba sai ka ja waya ba, kuma idan ɗaya ta mutu saƙo na iya zagayawa ta wata. Amma kowane zango sabon layi ne. Muryarka za ta ja ƙuri'a daga wayarka zuwa rautar unguwarku, ta sake ja daga nan zuwa ta bakin kasuwa, ta sake ja zuwa ta gidan mai waifai. Idan kuma rautocin masu rediyo ɗaya ne, to ba sa iya karɓa da aikawa a lokaci guda, kuma duk a tasha ɗaya suke ihu. Zango biyu gudu ya koma kusan rabi, zango uku kashi ɗaya cikin uku, ko ma ƙasa da haka. Rautar da ke kusa da kwano kuwa ita ce ke ɗauke da kayan kowa, amma ƙuri'a ɗaya take ja kamar kowa. Sakamakon shi ne wanda gidansa ke gefen gari ya biya kuɗi daidai da na kusa, amma shi kiransa ba ya shiga. Taron tsintsiya ba shara ke nan: rautoci goma, babu tsari.

Akwai kuma wata ɓoyayyiyar matsala da garuruwanmu na katangar ƙasa da rufin kwano suka fi fama da ita. Na ce waya tana saurarawa kafin ta yi magana. To idan ba ta jin ɗaya wayar fa? Mutum na gabas da rauta, wani na yamma, dukansu rautar na jin su amma su ba sa jin juna. Kowa ya saurara ya ji shiru, su faɗa tare, magana ta lalace a kunnen rautar. Su sake, su sake karo. Babu wanda ya yi laifi, kuma a allon wayarka sandunan waifai cike suke fal. Akwai magani a cikin saitin rauta, RTS/CTS, inda waya ke neman izini da gajeren saƙo kafin ta aiko babban kaya, rautar kuma ta sanar wa kowa ya yi shiru. Yana rage gudu kaɗan, amma a inda ake yawan karo ya fi alheri.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Mutum ɗaya mai tsohuwar waya, zaune can nesa inda sigina ta raunana, zai iya jan kowa ƙasa. Ga lissafin: ƙunshi mai bait 1,500 idan aka aika shi a gudun megabit 54 bai kai rubu'in milisakan ba. Shi ɗin dai idan aka aika shi a megabit 1, milisakan 12 yake ɗauka. A duk tsawon lokacin nan kowa shiru yake yi. Tunda ƙuri'a ba ta duba wa zai daɗe, mai jan ƙafar nan yana samun juyi daidai da kowa, amma kowane juyinsa ya kai na mutum hamsin. Wasu masu bincike a Faransa sun bayyana wannan tun 2003. Gyaransa shi ne a raba lokacin magana daidai maimakon a raba yawan juyi, abin da za ka gani a saiti da sunan Airtime Fairness.

To a cikin waifai babu "zo ki ɗiba ki wuce" ne? Akwai, kuma ya daɗe. A 2005 aka kammala ƙa'idar 802.11e, wadda za ka gani a rautarka da sunan WMM. Ta raba kaya gida huɗu: murya, bidiyo, kayan yau da kullum, da na bayan fage. Dabararta ita ce a taƙaita wa murya ƙuri'a. Maimakon 0 zuwa 15, ita 0 zuwa 3 take ja, kuma ko an yi karo ba ta wuce 7, alhali kayan yau da kullum na iya kaiwa 1023. Haka kuma shirun da take yi kafin ta fara ƙirga ya fi na kayan yau da kullum da na bayan fage gajarta. Ma'ana kusan kullum ita ke riga kowa. Idan wani "injiniya" ya ce maka a kashe WMM don waifai ya ƙara gudu, ka riƙe kuɗinka, domin a yawancin rautoci kashe shi na mayar da gudun baya zuwa megabit 54 na zamanin da.

Sai dai kada in yaudare ka, WMM shi kaɗai ba ya isa, kuma nan ne nake sabawa da masu cewa "ai a kunne yake, an gama." Yana aiki ne idan ƙunshin ya zo da tambari a goshi cewa shi murya ne. Sau da yawa tambarin nan gogewa yake yi a hanyar intanet kafin ya iso. Ko ya iso ma, tsohon tsarin fassara tambarin yakan jefa murya a layin bidiyo, sai a 2018 aka fitar da takardar RFC 8325 don gyara wannan kuskuren, kuma ba kowace rauta ce ta bi ba. Sannan fifiko na da iyaka. Idan mutum talatin suka shiga kira a tasha ɗaya, dukansu suna jan ƙuri'a tsakanin 0 da 3, karo zai fi na da yawa. Idan kowa ya zo da kofi ya ce na mara lafiya ne, layi ya koma yadda yake. Ita ma ƙa'idar raga ta 802.11s da ta fito a 2011 ta zo da wani tsari mai suna MCCA, inda rautoci ke kama lokaci tun kafin, kamar mai yin rajistar kujera a mota. A takarda ya yi kyau, amma ba dole ba ne a ƙa'idar, kuma da wuya ka same shi a kayan da ake sayarwa a kasuwa.

Abin da na fi yarda da shi, wanda kuma kyauta ne, shi ne tsarin da ke gane mai kofi da kansa ba tare da tambari ba. A 2010 wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, ya jawo hankalin duniya kan yadda rautoci ke tara dogon layi a cikinsu har jinkiri ya kai daƙiƙa guda ko fiye. Daga wannan fafutukar aka samu FQ-CoDel, sannan CAKE wanda ya shiga cikin Linux a 2018. Aikinsu shi ne su ba kowace hira layinta daban, su lura da wadda ke zuwa kaɗan-kaɗan su wuce da ita gaba, mai dogon kaya kuma su ce masa ya rage zubowa. Kira, da saƙon na'urar POS, da taransifa ta manhajar banki, duk ƙananan kaya ne, duk suna cin moriyar wannan. Idan rautar da ke manne da kwano tana ɗauke da OpenWrt, sunan wurin SQM. Idan MikroTik ce mai RouterOS 7, CAKE da FQ-CoDel suna cikin nau'ukan layi. Sirrin saitin shi ne ka rubuta gudu ƙasa da wanda kake samu, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, don layin ya taru a rautarka inda kake da iko da shi. Tunda gudun Starlink hawa da sauka yake yi, ka auna da daddare lokacin cunkoso, ka yi lissafi da wannan, musamman ɓangaren aikawa, don shi ne siriri, shi ke fara toshewa idan wayoyi suka fara tura hotuna sama.

Na san abin da mai waifai zai ce, kuma ba maganar banza ba ce. Zai ce samarin da ke sauke fim da wasan ƙwallo su ne ke sayen lambar mako, su ke biyan kuɗin kwano. Dattijon da ke kira sau biyu a rana naira nawa yake kawowa? Kuma kowa kuɗinsa ya biya, me ya sa za a fifita wani? Amsata ita ce ba mutum ake fifitawa ba, nau'in kaya ne. Saurayin nan mai fim, gobe shi ne zai kira ɗan uwansa a Gusau, kuma kiransa zai wuce gaba kamar na kowa. Asararsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Kira goma a lokaci guda ko megabit ɗaya ba su cika ba. Fim ɗin da zai sauka a minti goma zai sauka a minti goma sha ɗaya. Ta fuskar kasuwa ma, mai POS da mai sayen hatsi da ke jiran alat su ne kwastomomin da ba sa gudu, matuƙar abin na aiki a lokacin da suke buƙata.

Wani kuma zai ce ai kiran nan da kake ɗaukakawa shi ne masu ba 'yan bindiga bayanai ke amfani da shi, shi ya sa ma aka kashe sabis a 2021. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma duk mai sayar da intanet ya kamata ya san su wa yake bai wa lamba, ya kuma bi ƙa'idar lasisin NCC. Amma gurɓataccen kira ba matakin tsaro ba ne. Mai mugun nufi zai sake kira sau goma har ya shiga, ko ya tura saƙon murya. Wadda ke tsaye kan mara lafiya ita ce ba ta da wannan lokacin.

Wasu sun riga mu bin wannan hanyar, kuma abin lura shi ne da murya suka fara. A 2008, a wani taro a Kef Tawun na Afirka ta Kudu, Steve Song da David Rowe da abokansu suka tsara wata na'ura da suka sa wa suna Mesh Potato: rautar raga ce da ake maƙala wa wayar tarho ta gida, mutanen gari su kira juna kyauta ko babu intanet. Da irinta mutanen Mankosi, wani ƙauye a lardin Kef ta Gabas, suka fara nasu tsarin mai suna Zenzeleni tare da Jami'ar Kef ta Yamma, da hasken rana, kuma al'umma ce ke da shi. A nan gida, gidauniyar Fantsuam a Kafanchan ta kafa ZittNet tun shekarun 2000, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta daɗe tana horar da matasa kan sadarwar al'umma, tana kuma neman gwamnati ta yi mata manufa ta ƙasa. Ilimin yana nan kusa, ba sai an je Turai ba.

Saboda haka idan kai ne mai kafawa, ga yadda nake ganin kuɗinka zai fi amfani. Kafin ka sayi kwano na biyu, rage zango. Duk inda kebul zai kai, ja kebul, ya fi kowace raga. Inda ba zai kai ba, sa eriya mai fuskantar wuri ɗaya a 5GHz tsakanin sanda da sanda, a ɗaga ta sama da rufi da itatuwan darbejiya ta yadda za su ga juna, ka bar 2.4GHz wa wayoyin mutane. Irin kayan Ubiquiti masu airMAX ko MikroTik masu Nv2 ba sa jan ƙuri'a ma, babbar eriyar ce ke raba wa kowa lokacinsa kamar sarkin tasha, don haka matsalar waɗanda ba sa jin juna ba ta taso ba. Kada wani gida ya wuce zango biyu daga kebul ko daga irin wannan eriyar. A 2.4GHz tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, a faɗin 20MHz, don haka maƙwabtan rautoci kowace da tata. Kashe ƙananan gudun nan na 1 da 2 da 5.5 da 11, don mai jan ƙafa ya matso ko ya koma rautar da ta fi kusa da shi. Kuma kada ka ƙure ƙarfin rauta. Ihunta zai kai nesa, amma wayar da ke can ba ta da muryar da za ta amsa, ga shi ka toshe kunnen maƙwabciyarta.

Kai kuma mai waya, kana da naka kason, don rabin cunkoson nan daga aljihunmu yake fitowa ba mu sani ba. Waya na ganin waifai take ɗauka ta faɗa gidan biki: Play Store ya fara sabunta manhajoji, Google Photos ya fara tura hotuna, WhatsApp ya fara sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf. Shiga saitin waifai ɗin a Android, ka nemi inda aka rubuta Metered ka zaɓa, wayar za ta riƙa tsimi kamar tana kan datarka. A WhatsApp shiga Storage and data, ka cire sauke bidiyo kai tsaye, ka kunna Use less data for calls. Idan magana ce mai muhimmanci, kashe kyamara, kiran bidiyo ya ninka na murya nauyi sau da yawa. Ka matsa inda kake ganin rautar da idonka. Sai kuma Xender, wanda ba a cika zarginsa ba don ba ya cin data. Ba ya cin data amma yana cin iska, domin waifai yake buɗewa tsakanin wayoyi biyu, sau da yawa a 2.4GHz ɗin nan dai. Samari biyar a gindin sanda suna tura wa juna fina-finai sun isa su hana unguwa kira. A ɗan matsa nesa da sandar, ko a kunna masa 5GHz idan wayoyin na ɗauka.

Kafin ka sake sayen lambar mako, yi wannan gwajin da daddare, tsakanin Isha'i da ƙarfe goma lokacin da kowa ke kai. Buɗe fast.com, ka bari ya gama, ka danna Show more info. Kada ka kalli babbar lambar da ke sama. Duba ƙasa inda aka rubuta Latency, za ka ga lambobi biyu, Unloaded da Loaded. Ta farko jinkiri ne lokacin da hanya ba kowa, ta biyu lokacin da aka loda mata kaya. Idan ta farko 50 ce ta biyu 90, mai waifai ɗinku ya san aikinsa. Idan ta farko 50 ce ta biyu 600 ko 900, ɗauki hoton allon, ka sake gwadawa a gindin kwano da kuma a rauta ta ƙarshe a gefen gari. Idan a gindin kwano ma haka take, SQM ne babu. Idan can lafiya lau ne sai a gefen gari take haurawa, zango ne ya yi yawa ko tashoshi ne ke karo. Ka kai masa hotunan guda biyu, ka nuna masa wanne ne a ciki.